Abin da ƙaho bai iya zuƙowa: shekara bakwai da rasuwar Yaya Sanusi

Shekara bakwai ke nan da muka rufe yayana Malam Sanusi a maƙabartar Kashin Zama. Ƙarshen damina ne, irin wannan lokacin, gero ya sunkuyar da kai, mutane sun fara gyaran fangalin irin albasa. Duk shekara idan na ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasar fangali da safe, sai ranar ta dawo mini kamar jiya. Bana kuwa abin ya fi na kullum, don wani abu ya faru a gidanmu wanda ya sa na kasa yin shiru.

Ni ba likita ba ne, gara in faɗa tun yanzu. Sunana Bashiru, lodin albasa nake yi a kasuwar Aliero, bokona a sakandare ya tsaya. Abin da na sani game da zazzaɓin cizon sauro, wanda mu nan masassara kawai muke ce masa, a waya na tsince shi, kaɗan-kaɗan, ina zaune kan buhu ina jiran mota. Idan na yi kuskure masana su gyara mini. Amma bari in fara gaya muku wane ne mutumin.

Yaya ya yi shekaru a Agadas yana karatu wajen wani malami. Can ya kai matarsa Saratu, 'yar garin Liba, can aka haifi ɗiyarsu, aka sa mata sunan mahaifiyarmu, shi ya sa muke kiran ta Nana. Da Baba ya rasu sai ya tattaro ya dawo gida da rani, Nana tana rarrafe. Ya karɓi gonar fadama, ya buɗe makarantar allo a zaurenmu. Tawadarsa da kansa yake haɗawa, kunkunniyar tukunya da ƙaro, saboda haka kullum bakin yatsunsa baƙi ne. Ko tuwo zai ci sai Inna ta ce ya sake wanke hannu, shi kuma ya ce ai ba ya fita.

Yana da wata tambaya da kowa ya san shi da ita. Idan tsutsa ta ɓata ganyen albasa, mu sai mu ce a nemo magani a fesa. Shi sai ya tsuguna, ya tsaga ganyen da farce, ya ce, "To, ta ina tab bi?" Ran da injin ban ruwanmu ya mutu, ya kwance shi kaf a kan tabarma don ya ga ta ina ruwan yake bi. Ya mayar ya ɗaure, wasu notuna suka yi saura a hannunsa, injin kuma ya tashi. Inna ta ce masa, "Malam, in kai anka ba gyaran mutum, da sauran hanji za ka baro waje." Ya yi dariya har da riƙe ciki.

Damanar farko bayan dawowarsa masassara ta kama shi. Babu wanda hankalinsa ya tashi. A wajenmu masassarar damina ta yara ce da masu juna biyu, babba yakan sha ɗan magani, ya lulluɓa, ya yi zufa, ya koma gona. Shi ma haka ya ɗauke ta. Na tuna shi a zaure da bargo a kafaɗa, haƙoransa suna kaɗawa, yana biya wa yara karatu. Da ta ƙi sauka sai Inna ta aika garin Dangamaji a kira Baba Mamman wanzami, aminin mahaifinmu, wanda shi ya yi mana askin suna dukanmu, shi ya yi mana kaciya.

Da hantsi aka yi, ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida. Baba Mamman ya buɗe zabirarsa, ya kafa ƙahonni a bayan Yaya, ya zuƙa, ya cire, ya yi 'yan tsage da aska, ya mayar ya sake zuƙa. Da ya juye a kan yashi sai ga jini guda-guda, baƙi wuluk kamar hanta. Inna ta leƙa, ta sauke numfashi, ta ce, "Alhamdu lillahi. Ga mataccen jinin nan ya hita. Dama shi na ad damun shi." Yaya ma ya ce ya ji bayansa ya yi sakayau, har ya nemi kunu. Duk muka saki jiki. Muka koma gona.

Wannan sakin jikin shi ne abin da nake so ku riƙe. Kwanakin da suka biyo baya babu wanda ya yi maganar asibiti, tunda ciwon ya riga ya fita, mun gani da idonmu, jira kawai ake ƙarfi ya dawo. Idonsa ya yi ɗorawa, aka ce shawara ce, aka jiƙa magani. Fitsarinsa ya koma kamar shayin da ba a sa wa madara ba. Sai ran da ya fara karatu yana tsallakawa daga wannan sura zuwa waccan, mutumin da ko wasali ba ya kuskurewa, sannan aka nemo mota zuwa Jega. Ma'aikatan asibiti suka buɗe idonsa, suka duba tafin hannunsa, suka ce jininsa ya ƙare. Ana cikin neman wanda jininsa zai dace, bayan la'asar, Allah ya karɓi abinsa.

Tun daga ranar Inna take da magana ɗaya. Duk wanda ya zo gaisuwa, duk shekarar da ta zagayo, ita ce dai: "Mu dai mun yi abin da za mu iya. Mataccen jinin dut ya hita, na gani da idona. Kwananai na sunka ƙare." Da wannan maganar ta tashi daga tabarmar makoki, da ita ta yi renon Nana bayan Saratu ta sake aure a Liba. Ni ma da ita na rayu, har na sami waya mai shiga yanar gizo.

Ban fara da niyyar binciken komai ba. Wata rana dai na rubuta tambayar Yaya, ta ina masassara take bi, sai abu ya ja abu. Turancina ba shi da ƙarfi, kalma ɗaya sai in yini ina juya ta. Ina cikin haka na ci karo da wani hoto na jinin mai masassara a ƙarƙashin madubin likita mai ƙara girman abu, an nuna wasu baƙaƙen ɗigo-ɗigo a ciki, an ce ƙwayar cutar ce take yin su. Wallahi sai da na miƙe tsaye a kan buhun. Na ce ashe Inna tana da gaskiya, ashe da gaske akwai baƙin abu a jinin mai masassara. Na yi ta murna, na kusa rugawa gida in gaya mata. Da na ci gaba da karatu sai murnar ta koma ciki.

Ga yadda na fahimci abin. Sauro ya cije ka, ya zuba ƙwayar cutar. Ta fara sauka a hanta, ta hayayyafa a ɓoye, sannan ta fito ta shiga cikin jajayen ƙwayoyin jini, ɗaya-ɗaya, kamar yadda tsutsa take shiga cikin ganyen albasa ta rufe kanta. A ciki abincinta shi ne abin nan da ke sa jini ya yi ja, wanda ke ɗaukar iska ya kai wa jiki. To amma a cikin abincin akwai wani ɓangare mai sinadarin ƙarfe wanda guba ne a gare ta. Ba ta iya cinye shi, ba ta iya zama da shi a sake. Sai ta dunƙule shi, ta mayar da shi 'yan ƙananan tsakuwoyi masu duhu, ta ajiye a gefe. Masana suna ce musu himozoyin. Ni dai tokar cuta nake ce musu, don ragowar abin da ta ƙone ne. Har tsohon maganin nan kulorokwin da iyayenmu suka sha, aikinsa hana ta wannan dunƙulawar ne, sai gubar abincinta ta kashe ta. Da na karanta wannan na ce kai, da Yaya yana nan da yau ba a yi karatun allo ba.

Idan ƙwayar cutar ta ƙoshi ta hayayyafa, sai jar ƙwayar jinin ta fashe, 'ya'yan su watsu su nemi sababbi, tokar ita ma ta zube cikin jini. Lokacin ne sanyi da rawar ɗari suke taso wa mutum. Jiki yana da masu gadi, fararen ƙwayoyin jini, aikinsu su haɗiye duk baƙon abu su narkar da shi. Sai su zo su haɗiye tokar. Matsalar ita ce ba ta narkewa.

Duk wanda ya taɓa kiwo ya san akuyar da ta ci leda. Tana nan tana yawo, cikinta a cike, amma ba abinci ba ne. Ta rame, ta daina kiwo sosai, kowace 'yar cuta ta kayar da ita, sai mahauci ya buɗe tumbinta a ga abin da ta daɗe tana ɗauke da shi. Haka masu gadin nan suke zama. Da farko tokar tana harzuƙa su, su yi ta aika kururuwa ko'ina cikin jiki, zazzaɓi ya hau, jijiyoyi su kumbura, har kururuwar ta wuce amfani ta koma ɓarna. Bayan haka kuma sai su yi nauyi, su kasa aikinsu yadda ya kamata, wata cutar daban ta samu ƙofa a buɗe. Tokar tana taruwa a saifa da hanta har su yi duhu. Tana shiga ɓargo, inda ake ƙera sabon jini, ta rage masa aiki. Wato ana fasa jinin da kake da shi, ana kuma hana ka yin sabo. Na karanta cewa har yanzu masana suna ja-in-ja a kan ko tokar ce da kanta take duk wannan, ko abubuwan da suke manne mata. Amma sun ce idan mai gwaji ya ga fararen ƙwayoyin jini da yawa ɗauke da ita, alama ce ciwon ya yi nisa.

Na kuma gane wani abu da ya daɗe yana damuna, me ya sa babba kamar Yaya. Mu da muke zaune a nan sauro yana cizon mu kowace damina, jikinmu yana ɗan sabawa da faɗan. Wanda ya daɗe a inda sauro bai kai namu ba, wannan sabon yana raguwa. Yaya ya dawo da gemu da ilimi, amma a wajen masassarar fadamarmu kusan baƙo ne. Mu kuma muka auna shi da ma'aunin 'yan gida.

Abin da ya kashe mini murna shi ne wannan: tokar nan ido ba ya ganin ta, kuma ba a ƙarƙashin fatar baya take ba. Tana can cikin saifa da hanta da ɓargo da cikin masu gadin kansu. Ƙaho ba ya kai wa can. Jinin da ke taruwa a ƙaho kuwa duhunsa daga wani wuri ne daban, jini ne da ya riga ya sauke iskarsa, ya tsaya wuri ɗaya ya daskare. Na san wannan, na riƙe shi a cikina. Abokaina na kasuwa sun sha bayani har sun gaji, suna ce mini likitan buhu. Amma Inna ban taɓa gaya mata ba. Ta yaya zan fara?

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. Yanzu da damina ana bi gida-gida ana ba ƙananan yara maganin kariya. Ana ɗan huda yatsa a ɗiga jini a wani ɗan abu, kafin ka gama gaisawa da mai gwajin an gaya maka ko masassarar sauro ce. Har allurar rigakafi an fara yi wa jarirai. Na san da sai ya nemi a ba shi ɗan abin gwajin nan ya fasa ya ga cikinsa. Na kuma san da ya zaga fadama ya ga gidajen sauron da aka raba mana an shimfiɗa su a kan fangalin iri don kada kaji da tsuntsaye su tona, yara kuma suna kwana a fili, da ya tsaya ya ce, "Albasa dai ta tsira." Da murmushi zai faɗa, amma sai ka ji kunya.

Yanzu ga abin da ya faru bana. Nana ta girma, ta wuce shekarun da ake ba maganin gida-gida. Masassara ta kama ta, Inna ta ba ta tazargade da 'yan ƙwayoyin saukar da zazzaɓi, ta ɗan sauka ta sake hawa. Wata safiya na dawo daga fadama zan wuce kasuwa, sai na ga takalman Baba Mamman a ƙofar zaure. Na shiga. Ƙarƙashin darbejiyar nan dai, tabarmar ma kusan a wuri ɗaya. Nana tana kwance a cinyar Inna, an yaye mata riga, Baba Mamman yana jera ƙahonni. Ya tsufa, amma askarsa tana sheƙi.

Na durƙusa na gaishe shi. Na kama hannun Nana kamar ina wasa da ita, na buɗe tafin. Fari fat. Na ja fatar idonta ƙasa, babu ja ko kaɗan. Gefen cikinta na hagu ya tasa, ya yi tauri.

Na ce, "Inna, ku bari in kai ta Jega."

Ta ce, "A bari a hidda mata mataccen jinin tukuna. Dubi saifarta. In anka hidda, ka kai ta inda kaka so."

"Inna, ba ta da jinin da za a hidda."

"Auta, yaushe kaz zama likita? Ƙaho tun kakanni aka yin shi, kuma sunna ta. Ko wayar taka ta hi su sani?"

Ba zan iya ɗaga wa Inna murya ba, ba kuma zan iya cewa mutumin da ya yi mini askin suna ya mayar da askarsa ba. Duk bayanin nan da na cika kunnen 'yan kasuwa da shi, na akuya da leda, na saifa da ɓargo, ba zai yi aiki a nan ba. Idan na fara shi za a kai azahar ana gardama, yarinya tana kwance. Sai kawai na tuɓe rigata, na zauna a bakin tabarma na juya wa Baba Mamman baya.

Na ce, "Baba, ku hwara da ni."

Ya ce, "Kai kuma mi as same ka? Jiya na gane ka kana jihwa da buhu awa mai jin haushin shi."

"Lahiyata lau. Shi ya sa nika so ku hwara da ni."

Ya dubi bayana. Ina jin ya gane inda na dosa, don ya daɗe bai motsa ba. Da ya ga dama da ya ce ba ya ƙaho ga mai lafiya, magana ta ƙare. Sai na ji sanyin bakin ƙaho a kafaɗata. Ya zuƙa, ya cire, ya tsaga, ya mayar. Nana tana numfashi da sauri-sauri. Da lokaci ya yi ya cire ƙahon, ya juye a kan yashi, daidai gaban Inna.

Guda-guda, baƙi wuluk kamar hanta.

Inna ta dube shi. Ta dube ni, ƙato da ni, ko mura ba na yi. Ta sake duban yashin. Sannan ta ce, ba da ni take ba, "Mamman, na mai lahiya ma haka shike?"

Baba Mamman ya goge askarsa a hankali. Ya ce, "Hajiya, tun ina yaro nika bin babana da zabira. Ban taɓa juye ƙaho na ga ja ba. Na kowa haka shike hitowa."

"To wanda munka hidda ma Sanusi hwa?"

Ni na sunkuyar da kai, jini yana ɗan bin bayana. Baba Mamman ya debi yashi ya rufe gudan, ya ce a hankali, "Allah shi jiƙan Malam." Ya fara mayar da ƙahonninsa cikin zabira ɗaya bayan ɗaya. Inna ta saukar wa Nana riga, ta jawo mayafinta, ta ce, "Tashi ka nemo mashin."

A Jega aka yi gwaji, aka fara mata allurai nan take, aka ce sai an ƙara mata jini. Aka gwada nawa ya dace. Ina kwance ana ɗiba, matar da ke ɗakin gwaji ta ga tsagen kafaɗata ta tambaya, na ba ta labari, na kuma kasa riƙe bakina, na tambaye ta ko ta ga tokar a jinin Nana. Ta dube ni ta ce ina na san wannan. Da ta sami sarari sai ta kira ni, ta ce in sa ido a madubin, in rufe ɗaya idan ya fi mini sauƙi.

Da farko haske kawai na gani. Ta murɗa wani abu, sai ga su: jajayen ƙwayoyin jini birjik, sun koɗe, wasu da ɗan zobe a ciki, ƙwayar cutar ke nan. A gefe kuma ga wata babba, ɗaya daga cikin masu gadin, cikinta da 'yan baƙaƙen ɗigo-ɗigo, kamar an barbaɗa kunkunniyar da Yaya yake haɗa tawada da ita. Shekaru ina ɗokin ganin abin nan da idona. Na ɗauka ran da na gan shi zan yi tsalle. Ban yi ba. Abin da ya cika jikin yayana ke nan muna gona muna cewa ya warke. Na yi mata godiya, na fita bayan ɗakin na tsuguna, na daɗe ban tashi ba.

Nana ta tashi, alhamdu lillahi. Saratu ta zo daga Liba ta yi jinyar ta. Ƙarfinta bai dawo da wuri ba, ta daɗe tana gajiya daga ɗaki zuwa zaure, ni kuma na san dalili, ɓargon ne yake farfaɗowa a hankali. Yanzu ta koma makaranta, ta koma tsokanar Inna. Baba Mamman yana nan yana sana'arsa, manoma suna zuwa ya sa musu ƙaho idan dashen albasa ya riƙe musu baya, ni ma ban ce kada a yi ba. Amma an gaya mini yanzu idan aka kawo masa yaro mai zazzaɓi, tafin hannu yake fara buɗewa, sannan ya ce a yi Jega ko Aliero, shi ba ya taɓawa.

Ba zan ce da an kai Yaya asibiti da wuri da yana raye ba. Wannan sanin Allah ne, ajali kuma idan ya zo ya zo. Abin da na sani shi ne mun ga baƙi a kan yashi mun saki jiki, alhali baƙin da ke cin sa yana can inda ƙaho bai kai ba. Ku da kuke karanta wannan, idan zazzaɓi ya ƙi sauka, ko na yaro ko na babba, balle wanda ya dawo daga doguwar tafiya, ku buɗe tafin hannu ku duba, ku je a gwada. Abin da za a yi na gida ba ya gudu.

Sai dai akwai abin da ya tafi a safiyar nan wanda ba zai dawo ba. Bana da ranar rasuwar ta zagayo, 'yan uwa suka zo aka yi addu'a, na kasa kunne in ji maganar Inna ta kullum. Ba ta faɗe ta ba. "Allah shi jiƙan Sanusi" kawai ta ce. Shekara bakwai tana jingine da maganar nan, ga shi babu ita, kuma babu wata da za a ba ta a madadinta. Nakan gan ta zaune ƙarƙashin darbejiya tana tsintar wake, hannun ya tsaya, idon yana kan wurin nan na yashi.

Allunan Yaya suna nan a zaure, wani ɗalibinsa ne yake karantarwa yanzu. Injin ban ruwan ya daɗe da mutuwa. Kaskon tawadarsa ya bushe, Nana tana zuba 'yan kunnenta a ciki. Na ɗauka abin da ya rage nasa ke nan, sai tsagen da ke kafaɗata wanda saboda ɗiyarsa aka yi.

Shekaranjiya da safe ina ɗaure takalmi zan tafi kasuwa, Inna ta kira ni. Ta ce in nuna mata abin nan da na ce na gani a Jega. Na nemo hoton a waya, na buɗa shi da yatsu har ɗigon suka fito. Ta karɓa, ta nisanta shi da idonta, ta matso da shi, ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Ɗan wanga abu?"

Na ce, "Shi na, Inna."

Ta gyara zama, ta ture tiren waken gefe, ta nuna mini tabarma kusa da ita. Ta ce, "Zamna. Albasa ta jira. To, ta ina yab bi?"

Na zauna. Na fara mata tun daga sauro.